Fiffiken Aku da Almakashi: A Datse Ko a Bari?

Kusan duk wanda ya sayi aku, shawarar farko da yake samu tun bai bar gaban mai sayarwa ba ita ce a rage wa tsuntsun fiffike. Sau da yawa ma an riga an yi aikin kafin a kawo shi kasuwa. Mai sayarwa zai zura hannu cikin keji ya kamo shi da tsumma, ya ware fiffiken ya nuna layin gashin da aka datse, ya ce, "Alhaji, an gyara shi, ba inda za shi." Mai saye kuwa sai hankalinsa ya kwanta, domin ya zuba kuɗi masu kauri, tsakar gidansa kuma a buɗe take, ba abin da ya raba ta da sararin sama. Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mai kiwon tantabaru yakan ɗaure ko ya fige gashin fiffiken sabuwar tantabara har ta saba da gida, mai zabi yakan rage musu fiffike kada su riƙa haura katanga, kuma an daɗe ana haka ana ganin amfaninsa. Shi ya sa idan aka zo kan aku ba a ko tsayawa yin shawara. Ni kuwa a ganina nan ne ya kamata a tsaya. Datse fiffiken aku bai cancanci ya zama abin da ake yi wa kowane tsuntsu da zarar ya shigo gida ba, domin ba ya ba da tsaron da ake nema da shi, kuma abin da yake ci a jikin tsuntsun da halinsa ya fi abin da mai shi yake zato.

Sai a fara da sanin abin da ake yankewa. Idan aka ware fiffiken aku mai ruwan toka da jan bindi, wanda shi ne aka fi sani da kwaikwayon magana, za a ga dogayen gasu guda 10 a bakin kowane fiffike. Su ne masu tunkuɗa iska su tura tsuntsu gaba. Daga su sai wani jeri na gasu gajeru kusa da jiki, waɗanda ke riƙe shi a sama su kuma taimaka masa ya rage gudu idan zai sauka. Dogayen nan na waje su ake datsewa. Masu goyon bayan datsewa sukan ce ai kamar yanke farce ne, ba zafi ba jini, kuma zai sake fitowa. Rabin maganar gaskiya ne. Gashin da ya gama girma an yi shi ne da irin abin da aka yi farce da ƙaho, ba jijiya a cikinsa, tsuntsu ba ya jin almakashi. Amma farce kullum cikin tsiro yake, shi kuwa gashin tsuntsu da ya kai iyakar tsawonsa ya tsaya ke nan. Wanda aka datse zai zauna a guntule har ranar da zai faɗi da kansa wani ya maye gurbinsa, kuma manyan aku ba sa zubar da gashin fiffike gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya suke sakewa. Aikin minti biyar yakan ɗauki shekara guda, wani lokaci har ya doshi biyu, kafin fiffiken ya koma yadda yake. Akwai kuma ayyuka biyu da ake haɗa su da datsewa alhali sun fi ta muni nesa ba kusa ba: fige gashin daga tushe, wanda yake da zafi kuma yana iya lalata ramin da gashin ke fitowa, da gutsure ƙashin bakin fiffike, wanda nakasa ce ta har abada. Waɗannan biyu ba su da wurin zama a wannan muhawara, zalunci ne kawai.

Kaza da zabo tsuntsayen ƙasa ne. A ƙasa suke tono, da ƙafa suke gudu, fiffike a wurinsu na haura katanga ne da hawa bishiyar kwana. Aku kuwa ɗan saman daji ne. Asalinsa kurmin da ya taso daga Kwaddibuwa da Gana, ya ratsa kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon, ya mamaye Kwango har ya taɓa Yuganda da yammacin Kenya. Can yake kwana garke guda a kan dogayen itatuwa, gari na wayewa su tashi da ihu su yi tafiyar kilomitoci zuwa inda kwakwar manja da sauran 'ya'yan itace suka nuna, da yamma su dawo. A gandun dajin Lobeke na Kamaru akan ga ɗaruruwansu sun sauko fadamun tsakiyar kurmi suna cin ƙasa mai gishiri-gishiri, da an yi motsi kaɗan kuma su tashi gaba ɗaya. Duk ginin jikinsa na wannan rayuwa ne. Nauyinsa wajen gram 400 ne, ƙasusuwansa da yawa fanko ne a ciki, kuma a tsuntsaye masu tashi tsokar da ke kaɗa fiffike takan kai kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na nauyin jiki duka. Bayan huhu yana da jakunkunan iska da ke zagaya numfashi a jikinsa. Ƙafarsa kuwa yatsu biyu gaba biyu baya, ta kama reshe ce da riƙe abinci. A dube shi a kan siminti: tafiya yake yana rangaji, yana jefa ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, ko yaro mai rarrafe sai ya cim masa. Kuma wannan tsuntsu a hannun mai kula yakan yi shekara 40 zuwa 60, wato yana iya binne wanda ya saye shi. Abin da za a yi masa ba hukuncin wata uku ba ne irin na kazar da ake jira da ita salla.

Babbar hujjar masu datsewa ita ce kada ya gudu, don haka ita ya kamata a fara gwadawa. Akun da aka datse yana tashi. Ba ya tashi da kyau, amma idan ya firgita, ko iska mai ƙarfi ta shiga ƙarƙashin fiffikensa, irin wadda ke zuwa gabanin hadari ko da hunturu, yana iya haura katanga. Ƙananan masu sauƙin jiki, irin su tsirya mai dogon bindi, su ma abin ya fi sauƙi a wurinsu. Sannan gashin yana dawowa a ɓoye: biyu ko uku sun isa su ɗaga shi, mai gida kuwa ba ya ware fiffike kullum ya ƙirga. To nan matsalar take. Mai akun da ke tashi ya san yana tashi, saboda haka yana rufe ƙofa, yana duba taga. Mai akun da aka datse ya saki jiki, yana ɗora shi a kafaɗa ya fita ƙofar gida, yana ajiye shi a kan igiyar shanya ya shiga ɗaki. Ranar da babur ya yi ƙara ko shirwa ta gifta, tsuntsun ya yi sama. Abin da ke biyo baya ya fi ban tausayi. Tashi sama firgici ma yana koya wa tsuntsu, amma saukowa daga bisa gwaninta ce da sai an koya, domin tana bukatar karya gudu da auna wurin dira. Akun da bai taɓa koyon wannan ba yakan maƙale a ƙololuwar darbejiya yana ganin mai shi a ƙasa, yana kiran sunansa ma, amma ba shi da dabarar saukowa. Idan ya yunƙura sai ya ƙara yin nisa. Wanda ya iya tashi kuma aka koya masa amsa kira ya fi shi damar dawowa gida.

A cikin gida ma lissafin bai fita yadda ake zato ba. Aku mai ruwan toka yana da nauyi idan aka gwada da faɗin fiffikensa, kuma rashin gashi ba ya cire masa ɗabi'ar yin tsalle idan ya tsorata. Yana faɗowa ne daga kan keji kamar an saki dutse, abin da ke fara taɓa ƙasa kuwa shi ne ƙashin ƙirjinsa, wanda yake da kaifi kuma fata ce siririya a kansa. Likitocin tsuntsaye sun san wannan rauni sarai: fatar ƙirji ta tsage, a ɗinke, ya sake faɗowa ta sake buɗewa. Wasu bakin ne ke tsagewa, wasu gindin bindi. Irin wannan aku kuma an san shi da ƙarancin sinadarin kalsiyam, musamman wanda ake ajiyewa a falo ba ya samun hasken rana kai tsaye, ana ba shi gyaɗa da dawa kawai, don haka ƙashinsa ba ya jure faɗuwa. Sai maganar sabon gashi. Gashin da ke tsirowa yana da jini a cikin sandarsa, ana gane shi da duhun gindinsa da kaurinsa. A cikakken fiffike 'yan'uwansa na dama da hagu suna kare shi har ya ƙosa. A fiffiken da aka datse shi kaɗai yake fitowa tsirara, da ya bugi ƙarfen keji sai ya karye ya kama zubar da jini. Jinin tsuntsu duka bai wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ba, wato akun gram 400 yana da wajen mililita 40, cikin ƙaramin cokalin shayi 8 ke nan. Zubar cokali guda ba abin wasa ba ne a wurinsa. A ƙara da cewa tsuntsun da ba ya tashi a ƙasa yake yini, inda ake taka shi, ƙofa take datse shi, yara suke ja masa bindi, yake faɗawa bokitin wanki ya kasa fita. Kyanwa kuwa ko yaƙushi kaɗan ta yi masa, ƙwayoyin cutar da ke bakinta da faratanta suna iya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu idan ba a yi masa magani ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Datse fiffike ɗaya a bar ɗaya, wanda shi ne aka saba yi wa kaji da zabi, ya fi kowanne haɗari ga aku. Tsuntsun yakan yunƙura da ƙarfinsa duka, ɓangare ɗaya ya ɗauke shi ɗayan ya ƙi, sai ya juya a iska ya faɗo ta inda bai zaɓa ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani sai bayan shekaru. Tsuntsun da aka halitta don tafiyar kilomitoci, aka zaunar da shi a kan sanda ɗaya, aka cika masa kwano da gyaɗa, ƙiba zai yi. Kitse yakan taru a hantarsa, jijiyoyin jininsa su yi tauri su ƙuntace, kuma likitocin dabbobi sun tabbatar cewa aku mai ruwan toka yana cikin waɗanda wannan cuta ta jijiya ta fi kamawa. Sau da yawa ba ta ba da sanarwa, sai dai a wayi gari a tsince shi a ƙasan keji, a ce maye ne ko sanyi. Hawa da sauka a jikin keji da baki da ƙafa motsi ne, amma bai kama ƙafar abin da tashi na minti biyu ke sa zuciya da huhu su yi ba. Sai kuma cutar fige kai, wadda duk wanda ya daɗe da sanin aku ya taɓa gani: tsuntsu ya bi gashin ƙirjinsa da na cinyarsa yana tsigewa har ya koma kamar kazar da za a sa a tukunya, kansa kaɗai ke da gashi saboda bakinsa ba ya kaiwa can. Wani bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2014 ya samu kusan 4 cikin kowane 10 na irin wannan aku da ake kiwo suna yin haka. Adalci shi ne a ce dalilanta suna da yawa, akwai kaɗaici, da rashin abin yi, da rashin barci, da cutar fata, da mugun abinci, ba datsewa kaɗai ba. Amma guntun gashin da aka yanke da reza ko dakusasshen almakashi yakan bar tsini mai sukar haƙarƙari duk lokacin da tsuntsu ya naɗe fiffike, sai ya fara tauna wurin don ya huta, daga nan bakin ya saba. Kuma a kurmi, inda yake yini yana tashi da neman abinci, ba a san shi da wannan ɗabi'a ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko wayo, kuma masu ita sun ga abin da suke faɗa da idonsu. Suna cewa akun da aka datse ya fi saurin sabo, ya fi ladabi, yana zama inda aka ajiye shi, yana hawa hannu ba gardama. Haka ne, yana hawa. Tambayar ita ce me ya sa. Aku a daji abincin wasu ne, shaho na nemansa, maciji na nemansa, kuma amsarsa ta farko ga duk abin da bai yarda da shi ba ita ce ya bar wurin. Idan aka ɗauke masa wannan, saura biyu suka rage: ya sandare ko ya yi cizo. Wanda ya sandare shi ake kira mai ladabi. A lura da shi da kyau lokacin da baƙon hannu ya nufo shi: gashinsa ya lafe a jiki, ya miƙe ya yi siriri, ya karkata baya, ƙwayar idonsa tana buɗewa tana tsukewa, wani lokaci ya yi wani gurnani mai kama da na kare. Duk wannan magana ce, cewa yake a dakata. Da yana da fiffike da ya koma kan labule, an fahimci saƙon, ba wanda ya ji ciwo. Da yake ba shi da shi, kuma an ƙi sauraro, sai ya koyi cewa baki ne kaɗai ake ji, bakinsa kuwa ba ya jin wuyar yatsa. Da yawa daga cikin tsuntsayen da ake cewa sun yi mugun hali, haka aka koya musu shi. Sabon da ke ɗorewa ana samunsa ne ta hanyar da ta fi tsawo: a gano abin da ya fi so, a hana shi a kwano, a riƙa ba shi a hannu duk lokacin da ya matso, yau taku ɗaya, gobe tsalle daga keji zuwa hannu, jibi daga wancan bango. Akun da ke da ikon tafiya amma ya zaɓi ya zo, shi ne ya saba.

Dalilin da ya sa wannan hanya take aiki shi ne kaifin hankalin tsuntsun, wanda Bahaushe ya daɗe da shaida, tun da har Abubakar Imam ya ba aku waziranci a Magana Jari Ce. Kimiyya ma ta bi sawu. A 1977 wata masaniya Ba'amurkiya, Irene Pepperberg, ta sayi aku a wani kantin dabbobi a Chicago ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana aiki da shi har ya mutu a watan Satumba na 2007. Alex ya san sunayen abubuwa wajen 50, da launuka 7, da siffofi 5, yana ƙirga abu har 6, yana kuma faɗin abin da ya haɗa abubuwa biyu da abin da ya raba su. Mai irin wannan ƙwaƙwalwa ya san bambancin abin da ya zaɓa da abin da aka tilasta masa. Wani abin lura a tarihin Alex shi ne bai iya tashi ba, kuma Pepperberg ta yi zaton tun yana ƙarami aka datse masa fiffike. Wannan ya kawo mu ga wurin da bai kamata a yi sassauci ba ko kaɗan. Ɗan aku yana barin kogon da aka ƙyanƙyashe shi yana da wajen mako 12, kuma a makonnin da ke biye ne yake koyon juyawa, da birki, da dira, tsokar ƙirjinsa take ginuwa, ido da fiffike suke sanin juna. Wanda aka datse kafin ya wuce wannan mataki yakan tashi da rashin tabbas a jikinsa, mai yawan faɗuwa, mai yawan tsoro, wani ko gashin ya dawo ba ya ƙara gwadawa.

Wani zai ce ai addini bai hana ba. Gaskiya ne malamai sun yi magana a kai. Hadisin ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (SAW) kuma ya rarrashe shi da tsuntsun ya mutu, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma Ibn Hajar ya kawo cewa daga cikinsa aka ciro halaccin ajiye tsuntsu a keji ko rage masa fiffike. Hukunci na malamai ne, ba na mai wannan rubutu ba. Sai dai su malaman ba su taɓa raba wannan halacci da sharaɗin kula da rashin cutarwa ba, kuma kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Ko wani aiki yana cutar da wani irin tsuntsu ko ba ya cutarwa, wannan tambaya ce da masana jikin tsuntsun za su amsa, kuma amsarsu game da aku ta fito fili. Halaccin abu bai wajabta shi ba, balle a ce shi ne mafi kyau.

Hujjar da ta fi kowacce nauyi ita ce ta yanayin gidajenmu, kuma ba a kawar da ita da baki. Shawarwarin da ake karantawa a intanet yawancinsu an rubuta su ne don gidan da yake rufe ruf, mai tagogin gilashi da ƙofa ɗaya. Gidan Bahaushe kuwa rayuwarsa a tsakar gida take, ƙofar ɗaki labule ne, yara suna shiga suna fita, fanka na juyawa a sama saboda zafi, ga murhu ko kurfoti da tukunyar mai a kai, ga rijiya. Fankar sama ita kaɗai ta isa ta kashe tsuntsu mai tashi nan take. Duk wannan gaskiya ne, amma abin da ya nuna shi ne gidan ne ke bukatar gyara. Ɗaki ɗaya ya wadatar: a sa wa tagoginsa raga, wadda dama ana bukatarta don sauro, a sa wa ƙofar sakata daga ciki, a kashe fanka kafin a buɗe keji, a rufe madubi da gilashi da zane har akun ya san wurin, a ba shi awa biyu ko uku kullum, da safe da yamma lokacin da zafi ya yi sauƙi. Wanda yake da fili kuwa ya fi kowa sa'a, domin yanayin ƙasarmu ya fi na Turai dacewa da ɗakin waya a tsakar gida. A sami mai walda ya haɗa shi da tsawon da tsuntsu zai kaɗa fiffike sau da yawa kafin ya kai ƙarshe, mita 3 ko fiye, rabi a rufe don inuwa da iskar hunturu, rabi a buɗe don hantsi, da ƙofa biyu a jere yadda ba za a buɗe ta ciki ba sai an rufe ta waje. A yi amfani da waya mai kauri, a wanke sabuwa da kyau kafin a sa tsuntsun, domin sinadarin zinki da ake shafa mata guba ne ga tsuntsu mai tauna duk abin da ya samu. A nisanta shi da hayaƙin murhu da na maganin sauro da turaren wuta, waɗanda numfashinsa ba ya ɗauka. Don fita waje akwai ɗamarar da ake sa wa aku a ƙirji mai igiya, ana koya masa ita sannu a hankali. Ɗaure shi da sarƙa a ƙafa kuwa karaya yake jawowa. Wannan duka kuɗi ne da wahala, ba musu. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ban ce babu ranar da almakashi zai yi amfani ba. Akwai tsuntsun da ya makance a ido ɗaya yake ta karo da bango, akwai wanda aka yi wa aiki ake so ya natsu har ya warke, akwai wanda aka karɓo a firgice yake dukan taga da kansa, akwai gidan da za a yi 'yan watanni ana gini ba a gama ɗakinsa ba. A irin wannan hali datsewa magani ce, kuma ana yin ta yadda ake shan magani: da dalili, da ƙima, da ranar dainawa, a hannun likitan dabbobi da ya san tsuntsaye. Fiffike biyu za a rage daidai wa daida. Daga dogayen gasun waje kaɗai za a ɗauka, 4 ko 5 a kowane gefe ga mai nauyi irin wannan, a fara da kaɗan a gwada shi a kan katifa. Ba a taɓa gasun kusa da jiki, ba a taɓa bindi, ba a taɓa gashi mai jini. Abin da ake nema shi ne ya kasa yin sama amma ya iya saukowa a hankali ya dira da ƙafafunsa. Idan ya faɗo tim, an wuce gona da iri. Wajen riƙe shi a naɗe shi da tawul a tallafi kai, kada a matse ƙirji, domin da motsin ƙirjin yake numfashi, matsewa kaɗan sai ta shaƙe shi. Wanda kuma akunsa an riga an datse shi, ya sauko da sandar zamansa ƙasa-ƙasa, ya shimfiɗa abu mai taushi a ƙarƙashi, ya riƙa ɗora shi a hannu yana saukar da hannun a hankali don ya kaɗa fiffike tsokar ta motsa, ya gyara masa abinci da ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace, ban da fiya wadda guba ce gare shi, ya jira sabon gashi. Idan gashi mai jini ya karye, a danna wurin da garin masara ko sitaci a nufi likita.

Saura tambayar da ta riga duk waɗannan, wato daga ina tsuntsun ya fito. Guntulallen fiffiken da ake nuna wa mai saye a kasuwa sau da yawa aikin mai tarko ne. A kurmi ana shafa danƙo a sanduna, a ɗaure aku ɗaya yana kuka don ya jawo 'yan'uwansa, waɗanda suka manne a sauko da su a sare musu gashin fiffike nan take, a cusa su a akwati. Ƙiyasin masana ya nuna daga kashi 30 zuwa sama da 60 cikin 100 suna mutuwa kafin su kai hannun mai saye. Tsakanin 1975 da 2013 an fitar da fiye da miliyan 1.3 daga Afirka ta hanyar da doka ta sani, ban da na sumoga. A Gana, binciken da mujallar Ibis ta wallafa a 2016 ya samu cewa ƙasar ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992. A ƙarshen 2007 cibiyar kula da namun daji ta Limbe a Kamaru ta karɓi fiye da 1,000 da aka ƙwace a filin jirgin saman Douala, da yawansu sai da aka yi watanni ana jiran gashinsu ya dawo kafin a sake su. Saboda haka ne a watan Oktoba na 2016, a taron yarjejeniyar kula da cinikin namun daji ta CITES da aka yi a Johannesburg, aka haramta cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru duk suna cikin yarjejeniyar. Mai karatu da yake da aku a gida, ya ajiye almakashi ya kira mai walda. Wanda kuma yake shirin saye, ya tambayi inda aka ƙyanƙyashe tsuntsun, ya nemi shaida. Idan aka ware masa fiffike aka ce an gyara shi, ya mai da kuɗinsa aljihu.